Wace Tukunya Zan Saya Don Dafa Giya a Gida, Kuma Me Zai Biyo Bayanta?

Tambaya

Ina zaune a Ingila. Na tashi a kudancin Kaduna, a gidan da gwaggona ke dafa burkutu, don haka na san ƙanshin tsiro tun ina yaro, amma ban taɓa ɗora tukunya da hannuna ba. Yanzu ina so in riƙa yin giyar sha'ir kamar lita 20 a gida, wata rana kuma in gwada da dawa. Na shiga shagunan intanet kaina ya ɗaure: ga tukunyar sitenles, ga ta alminiyom, ga mai famfo, ga mai hita a ciki, ga wata na'ura da aka ce ita kaɗai ta isa. Wace zan saya, wane girma ne ya dace, kuma me zan iya bari sai gaba?

Amsa

Ɗan'uwa, ba kai kaɗai ba ne. Shaguna suna jera tukwane masu ƙyalli a gaba saboda su ne masu kawo kuɗi, sai sabon shiga ya ɗauka daɗin giya a tukunya yake. Alhali abu uku kawai ake nema a wurinta: ta ɗauke ruwan ba tare da ya tumbatsa ba, kada ƙarfenta ya zuba wani abu a cikinsa, kuma wutar da kake da ita ta iya sa ta ɓararraka. In ta cika waɗannan, mai araha da mai tsada giya iri ɗaya za su ba ka. Yawancin giyar gida da ke lalacewa, bayan an sauke ta daga wuta take lalacewa, wajen hucewa da wajen aikin yis. Kada ka bari tukunya ta cinye maka kuɗin duka.

Ta fuskar doka ba ka da matsala. Tun 1963 Ingila ta cire buƙatar lasisi ga mai dafa giya a gida don shansa, muddin ba sayarwa zai yi ba. A Amurka dokar da Shugaba Jimmy Carter ya sa wa hannu a 1978 ce ta buɗe ƙofar, galan 100 a shekara ga baligi ɗaya, 200 ga gidan da ke da manya biyu ko fiye. Tace barasa ta hanyar tururi wani abu ne daban mai buƙatar lasisi, ba shi muke magana ba. Mai karatu a Najeriya kuwa ya san jihohin da ke bin shari'ar Musulunci irin su Kano da Zamfara sun hana, hukuncin giya ga Musulmi kuma sananne ne. Amsar nan ta wanda addininsa da dokar garinsa suka yarje masa ce.

Mu fara da girma, domin nan ne aka fi yin saye biyu. Lissafin daga ƙarshe ake kama shi a dawo baya. Kana son lita 20 ta shiga bokitin da yis zai yi aiki. A gindin tukunya za ka bar kamar lita 2 ta laka, wato dunƙulen furotin da ɓarɓashin hof, furen nan da ke ba giyar Turai ɗaci da ƙanshi. Ruwa mai zafi in ya huce yakan ja baya da kusan kashi 4 cikin ɗari, nan ma lita ɗaya ta tafi. Tafasar awa ɗaya kuma tana ƙone lita 3 zuwa 4 a tururi. Ka ga ke nan lita 26 ko 27 za ka ɗora a wuta. Sai ka bar wa kumfa wuri. Gab da tafasa furotin ɗin tsiro yana tattaruwa a sama ya yi kumfa mai kauri, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa kan tukunyar awara ya san yadda irin wannan kumfar ke tashi cikin ƙiftawar ido. Haka take yi kuma duk sa'ad da aka jefa hof. In ta yi bori ta zuba a murhu, ruwan sukari ne, zai ƙone ya manne kamar alewa. Ka bar aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu na tukunyar wayam. Don tafasa kawai, lita 35 ce mafi ƙanƙanta.

Amma in za ka jiƙa tsiron a cikin tukunyar ita kanta, a cikin jakar yadi, lita 35 ta yi kaɗan. Wannan hanyar ta jaka, wadda masu dafawa a gida na Ostireliya suka yaɗa, ita zan ba ka shawara ka fara da ita, don tukunya ɗaya ce ke yin aikin uku. Giya mai ƙarfin kashi 5 tana cin tsiron sha'ir kilo 4 da rabi zuwa 5. Kowane kilo yana shanye kusan lita ɗaya ta ruwa ya tafi da ita, don haka lita 31 za ka zuba tun farko. Kowane kilo kuma yana ɗaga ruwan da kamar kashi biyu cikin uku na lita. Ka haɗa, kana dab da lita 35, tukunya ta cika maƙil, ba inda muciya za ta juya. Sayi mai lita 50. In kana son tabbatarwa da kanka, tukunya mai faɗin santimita 40 da tsayin 40 lita 50 ce, kowane santimita na zurfinta kuma lita ɗaya da kwata ne. Ka samu ruler ɗin ƙarfe ko ka yi wa muciyarka tsaga a kowace lita biyar, ka huta da sayen mai gilashin awo a gefe, wanda wahalar wankewa kawai yake ƙarawa.

Ƙatuwa fiye da kima ita ma ba gwaninta ba ce. Yawan ruwan da ke ƙonewa ya danganta ga faɗin bakin tukunya da ƙarfin wuta, ba ga yawan abin da ke ciki ba. Tukunya mai faɗi kamar daro tana shan ruwa da yawa, wadda tsayinta ya ɗan fi faɗinta ta fi. Ranar da ta iso ka zuba ruwa zalla ka tafasa awa ɗaya a buɗe, ka auna abin da ya ragu. Wannan adadin naka ne, da shi za ka riƙa lissafi. In kuma gidan haya kake a bene, murhun kicin kaɗai gare ka, ka sauko zuwa lita 10 da tukunya mai lita 20. Ba abin kunya ba ne, kuma ka fi saurin koyo, don za ka fi yawan dafawa.

Yanzu ƙarfe. Ruwan tsiro yana da ɗan tsami ko da harshe bai ji ba, awonsa na pH, ma'aunin tsami da ke sauka in tsami ya ƙaru, tsakanin 5.2 da 5.6, giyar da ta nuna kuma tana sauka zuwa 4 da ɗoriya. Tsami da zafi su ke ciro ƙarfe daga jikin mazubi.

Ƙarfe mara tsatsa, sitenles, shi ne zaɓin da ba nadama, amma ba duka ne ɗaya ba. Nemi mai lamba 304, wanda ake rubuta wa 18/8, wato kashi 18 kuromiyom, kashi 8 nikel. Akwai mai lamba 201 da aka rage wa nikel don araha, yana ƙyalli kamar ɗan'uwansa amma ya fi saurin fitar da ɗigon tsatsa, musamman a wurin walda. Mutane na cewa a gwada da maganaɗisu. Gwajin bai raba 304 da 201, duk biyun ba sa kamawa sosai, don haka lambar da mai sayarwa ya rubuta ita ce abin dubawa. Inda maganaɗisu ke da amfani shi ne in murhunka na indakshin ne, mai dafawa da ƙarfin maganaɗisu: dole gindin tukunyar ya kama shi, in ba haka ba ba za ta yi zafi ba sam. Aibin sitenles shi ne ba ya watsa zafi da kyau, wuta takan taru wuri ɗaya ta yi ƙanzo. Shi ya sa masu kyau ake yi musu gindi mai hawa uku, da faifan alminiyom a tsakiya. Duba hannuwan kuma. Waɗanda aka ɗaure da ƙusar ribit ko aka yi wa cikakkiyar walda sun fi waɗanda aka ɗiga wa walda a wuri biyu. Abu biyu kada ka yi masa: kada ka jiƙa shi da bilic, yana huda shi ƙananan ramuka, kuma kada ka goge shi da soson ƙarfe, yana barin ɓarɓashin da zai yi tsatsa ka zargi tukunya.

Alminiyom ba shi da laifin da ake ɗora masa. Ba nauyi, ba tsada, kuma yana watsa zafi fiye da ninki goma na sitenles, don haka ƙanzo bai cika damunsa ba. Sabuwa in ta zo, ka cika ta da ruwa ka tafasa rabin awa zuwa awa ɗaya, za ka ga cikinta ya yi duhu-duhu kamar toka. Wannan duhun shi ne rigarta, kada ka goge shi don neman ƙyalli. Sabulun wanke-wanke da soso mai laushi sun isa, soda mai ci da bilic kuwa cinye ta suke yi. Wannan magana ta alminiyom ɗin masana'anta ce. Tukunyar dalma da ake zubawa a kasuwa daga tarkacen injin mota da gwangwanaye lamarinta daban. Binciken da aka yi a Kamaru ya samu dalma ta gaske, mai guba, tana fita daga irin waɗannan tukwane in an dafa abu mai tsami a ciki. Ko an kawo maka ita tsaraba, kada ta ga ruwan tsiro.

Sauran a taƙaice. Bokiti ko duro mai shafen tutiya, irin mai launin kwanon rufi, haramiyarka ne, tsami yana narkar da tutiyar, tana sa amai. Baƙin ƙarfe yana ba giya ɗanɗanon jini, in ya haɗu da jar dawa kuma ya baƙanta ta. Tukunya mai shafen tangaran irin na langa tana aiki har ranar da ta ɓantare, daga nan tsatsa. Jan ƙarfe yana da kyau ga ruwan tsiro mai zafi, da shi Turawa suka yi ƙarnuka suna dafawa, amma ba a barin giyar da ta riga ta tashi a cikinsa, kuma in ka ga kore-kore a jikinsa, guba ce, a goge da binega kafin a yi amfani da shi. Duron da ba ka san abin da ya taɓa ɗauka ba, ka bar shi inda ka gan shi.

Tukunya da wuta tare ake sayensu, nan ma ana yawan tuntuɓe. Ɗaga lita 27 daga digiri 66 na ma'aunin Celsius, zafin da ake jiƙa tsiro, zuwa tafasa da hita mai kilowat 3 yana ɗaukar minti 21 a takarda, a zahiri kusan rabin awa, don zafi na tsiyaya ta jikin tukunya. Mayar da lita 3 da rabi tururi cikin awa ɗaya kuwa yana cin fiye da kilowat 2 shi kaɗai. Ka ga dalilin da murhun kicin ke barin babbar tukunya tana ɗan motsi kawai, ba ta ɓararraka. A Ingila kun yi sa'a, soket ɗin gida mai amfiya 13 yana ɗaukar kusan kilowat 3, wanda ya isa lita 27 daidai, musamman in ka naɗe jikin tukunyar da abin tare zafi. A Amurka soket ɗin bolt 120 da ƙyar yake wuce kilowat ɗaya da rabi, shi ya sa can suka fi rungumar murhun gas a waje. In lantarki ka zaɓa, lallai layin ya bi ta na'urar yanke wuta mai miliamfiya 30, don ruwa da waya za su kwana wuri ɗaya. Doguwar wayar ƙari in tana naɗe a kan abinta, ka warware ta gaba ɗaya, in ba haka ba ta yi zafi ta narke. Kada ka taɓa kunna hita ba ruwa a kanta, nan take take ƙonewa. In gas ne, babban murhu a waje ake kunna shi, ba cikin gareji a rufe ba, hayaƙin da ke kisa ba shi da wari.

Kada ka ce za ka rufe murfi don taimaka wa wuta mai rauni. Kafin tafasa ka rufe, ba laifi. Da ta tafasa ka buɗe. Akwai wani sinadari mai sulfa a cikin tsiro, an fi samunsa a farin tsiro, wanda tururi ke ɗauke shi. In ka rufe, ya taru a murfi ya ɗigo ya koma, giyarka ta fito da warin dafaffiyar masara. Ka tuna kuma lita 3 ko 4 ɗin nan da ke tashi, in a kicin kake, bango da silin za su sha ta. Buɗe taga ko ka fita waje.

Cikin ƙarin kayan da ake maƙala wa tukunya, famfo ne kaɗai na dole. Lita 23 ta ruwan sukari mai zafin tafasa ta kai kilo 23, ban da nauyin tukunya, kuma ƙunarsa ta fi ta ruwa zalla muni don yana manne wa fata. Ba a ɗagawa. Famfon sitenles mai rabin inci ya isa, kuma wanda ake kwancewa gida uku ya fi, domin a bayan ƙwallon cikinsa ruwan tsiro kan maƙale ya ruɓe, wanda bai taɓa buɗe nasa ba ranar da ya buɗe zai sha mamaki. In tukunyar ba ta zo da shi ba, ana huda rami mai kimanin milimita 21 a ɗan sama da gindi, a hankali, ana ɗiga mai, don sitenles in ya yi zafi taurare yake yi ya ƙi huduwa. Sai a ɗaure da zoben silikon. Tiyon da zai ɗauki ruwan zafi shi ma na silikon ne, na roba mai haske yana yin laushi ya bar wari. Ma'aunin zafin da ake kafewa a jikin tukunya ka bar shi, tsinkensa yana yaga jaka. Na hannu ya fi.

Jakar ta zama ta yadin foliyesta mai shara-shara, irin na labule, mai faɗin da tukunyar za ta iya shiga cikinta. Ka ɗaga ruwan zuwa digiri 69 ko 70, ka kashe wuta, ka zuba tsiro kana juyawa don kada ya yi gudaji, zai sauka kusan 66. Rufe, lulluɓe da bargo, awa ɗaya. In za ka ƙara wuta a tsakiya, ɗaga jakar daga gindi, in ba haka ba ta narke. Jiƙaƙƙen tsiro kilo 5 in ka ciro shi yana haura kilo 10, yana zuba, yana turiri, don haka ka tanadi ƙugiya da igiya a sama, ko babbar rariyar ƙarfe da za ka gitta a bakin tukunya. Wasu sun fi son jiƙawa a cikin kula mai lita 35 zuwa 40 da mataci a gindi, tana riƙe zafi sosai, amma tana buƙatar wata tukunyar ta ruwan zafi. Na'urorin nan masu komai a haɗe, irin su Grainfather da BrewZilla da Braumeister, ba ƙarya ba ne suna aiki: hita, famfon juya ruwa da kwandon tsiro duk a jiki ɗaya, ga riƙe zafi daidai. Sauƙi kake saye a wurinsu, ba ɗanɗano ba. In ka yi dahuwa biyar ko shida da jaka ka ga abin ya kama ka, sai ka duba su. Injin ɓarza ma ka jinkirta, shagunan Ingila suna sayar da tsiro a ɓarje. Ranar da za ka saya, ka saita ratarsa kusan milimita ɗaya, a fasa ƙwaya ba a mayar da ita gari ba.

To, ga inda ya kamata kuɗin da ka rage su tafi. Daga lokacin da ka kashe wuta, ruwan tsiro abinci ne ga kowace ƙwayar bakteriya da ke yawo, kuma ba za ka zuba yis ba sai ya sauko kusan digiri 20. In ka bar lita 23 ta huce da kanta, kwana za ta yi. Abin da aka fi amfani da shi shi ne bututun jan ƙarfe ko na sitenles mai kaurin milimita 10, tsawon mita 8 zuwa 15, an murɗe shi kamar gammo mai hawa-hawa. Ana tsoma shi cikin tukunya saura minti 15 a sauke don zafi ya tsarkake shi, sannan a bi da ruwan famfo ta cikinsa. Ka riƙa motsa shi, in ka bar shi tsaye ruwan da ke kewaye da shi ne kawai ke hucewa. Ruwan da ke fara fitowa yana ƙuna, tara shi a bokiti ka yi wanke-wanke. Da ruwan famfon Ingila, minti 20 zuwa 30 sun isa. A ƙasa mai zafi, inda ruwan tanki ke kai digiri 30, bututun ba zai taɓa sauke shi ƙasa da haka ba sai an bi da ruwan ta cikin ƙanƙara tukuna. Akwai kuma hanyar da ba a sanyayawa: a juye shi da zafinsa, sama da digiri 80, cikin jarkar abinci mai kauri mai lamba 2 a gindi, a matse iska ta fita, a rufe tam, a kwantar da ita don zafi ya taɓa murfi, a zuba yis washegari. Tana aiki, sai dai hof yana ci gaba da sakin ɗaci muddin ruwan na da zafi, don haka a jinkirta jefa na ƙarshe.

Mazubin yis, bokitin roba na abinci mai lita 30 da murfi mai kamawa ya wadatar, da ɗan makullin iska a sama, wanda ke barin gas ya fita ba ya barin iska ta shiga. Babbar kwalbar gilashi tana da kyan gani, amma in ta suɓuce da jiƙaƙƙen hannu sai asibiti. Kada ka kankare cikin bokiti da abu mai kaushi, a cikin ƙarjewar nan bakteriya ke ɓuya, ruwan tsarkakewa bai isa gare su. Mafi muhimmanci kuma shi ne zafin ɗakin. Yis ɗin giyar Ingila yana son digiri 18 zuwa 21, na giyar laga 8 zuwa 13, kuma yayin da yake aiki cikin bokiti yakan fi ɗaki zafi da digiri 2 zuwa 4. In ya yi zafi a kwana ukun farko, giya za ta fito da warin ayaba ko na man goge farce, tana ƙona maƙogwaro, ba kuma abin da zai gyara ta daga baya. Tsohon firij da ƴar na'urar daidaita zafi irin Inkbird ko STC-1000, da ƙaramar hita saboda hunturunku, sun fi kowace tukunya mai ƙyalli tasiri a kan abin da za ka sha. Manna tsinken awon a jikin bokiti ka rufe shi da soso, don zafin giya yake so ya ji, ba na iskar firij ba. Wanda ba shi da firij a ƙasa mai zafi, ya tsoma bokiti a baho mai ruwa ya lulluɓe da jiƙaƙƙen tawul ya kunna fanka, dabarar randa ce, tana sauke ƴan digiri in iska busasshiya ce. Ko ya nemi yis ɗin manoman Norway da ake kira kveik, wanda ke aiki lafiya a digiri 30 zuwa 40.

Kayan awo uku ne: ma'aunin zafi, sikeli mai karanta giram ɗaya-ɗaya saboda hof da sukari, da haidiromita, sandar gilashin da ke yawo a ruwa tana nuna yawan sukari. Gwada ma'aunin zafi a ruwan ƙanƙara ya nuna sifili. In a ruwan tafasa za ka gwada, ka tuna da tudu, a wuri irin Jos ruwa a kusan 96 yake tafasa. Haidiromita a ruwa zalla mai digiri 20 ta nuna 1.000. In ka fara da 1.048 ka ƙare a 1.010, ka ɗebe, ka ninka da 131, ƙarfin giyarka kusan kashi 5 ke nan. Wanda ka ɗiba don awo kada ka mayar, shanye shi.

Wankewa daban, kashe ƙwayoyi daban, kuma na biyun ba ya aiki sai an yi na farko. Duk abin da zai taɓa ruwan bayan ya huce sai an tsarkake shi. Ruwan tsarkakewa mai suna Star San, mililita ɗaya da rabi a kowace lita, minti biyu, ba a ɗaurayewa, kumfarsa ba ta cutarwa. Bilic yana aiki a kan roba da gilashi, mililita 4 a lita, minti 20, amma sai an ɗauraye da tafasasshen ruwa, don ɗan abin da ya rage yana ba giya ɗanɗanon asibiti. Kulorin ɗin ruwan famfo ma haka yake yi, rabin ƙwayar maganin da ake kira Campden a ruwan dahuwa tana kawar da shi.

Lita 19 da za ta rage bayan lakar yis kwalba 38 ce mai rabin lita. Kwalabe masu ruwan ƙasa, don haske yana sa hof wari cikin ɗan lokaci. Mabugin murfi mai tsayawa a tebur ya fi mai hannu biyu, wanda kan karya wuyan kwalba. A ɗura da siririn tiyo daga gindi, ba fantsama, iska a wannan matakin tana ba giya ɗanɗanon jiƙaƙƙen kwali. Sukarin da yis zai ci a kwalba ya ba giya gas giram 6 ne a lita, wato kamar 115 gaba ɗaya, a tafasa a kofin ruwa a gauraya. Kada ka ɗura sai haidiromita ta nuna lamba ɗaya kwana uku a jere. Cika kwalbar roba ɗaya ta lemo a cikinsu, in ta yi tauri ka san sauran sun yi gas, yawanci sati biyu.

Batun dawa kuwa yana sauya kayan da za ka buƙata. Sitacin sha'ir yana narkewa a zafin da sinadaran tsiro masu mayar da shi sukari ke aiki, shi ya sa jiƙo ɗaya a digiri 66 ke isa. Na dawa ba ya sakewa sai zafi ya kai 70 ko ya haura, inda mafi yawan sinadaran sun fara mutuwa, ga shi dama wanda ke yin sukarin da yis ya fi so bai da yawa a tsiron dawa. Kamfanonin giya na Najeriya sun yi karo da wannan matsalar bayan da gwamnati ta hana shigo da tsiron sha'ir a 1988 suka koma dawa da masara. Masu dafa burkutu da sauran giyar dawa irin su fito da dolo kuwa sun daɗe da maganinta, wataƙila ka ga gwaggonka tana yi ba ka san dalili ba: a jiƙa garin tsiro a ruwa mai ɗumi, a bar shi ya kwanta, a tsiyaye ruwan sama a ajiye, don sinadaran suna cikinsa, a dafa kaurin ƙasa har ya yi kamar kunu, a bar shi ya huce, sannan a mayar da ruwan, a nemi haɗin ya tsaya tsakanin 60 da 65. Ka ga kana buƙatar tukunya ta biyu mai lita 15 zuwa 20, mai kaurin gindi, da muciya mai ƙarfi, da wutar da kake iya ragewa. Hita tsirara a cikin wannan kunun ƙanzo za ta yi nan da nan, famfon na'urorin nan ma toshewa yake yi. Dawa ba ta da ɓawon da zai zama mataci kamar sha'ir, don haka jaka ta fi dacewa da ita, ko a zuba ɓuntun shinkafa wankakke kamar kashi ɗaya cikin goma.

In da kanka za ka tsirar da dawar, bayan ta bushe ka murje saiwar da tohon ka sheƙe su tas. A cikinsu ne sinadarin da ke sakin gubar sayanayid ya fi taruwa, wanda ke kashe dabbar da ta ci ɗanyen tohon dawa. Tsamin burkutu kuma daga bakteriya yake, irin na nono, kuma ya fi na giyar sha'ir ƙarfi, saboda haka maganar tutiya da dalma ta fi tsanani a nan. Ka ware masa bokitinsa da tiyonsa ka yi musu alama, in ba haka ba duk giyar sha'ir da ta biyo baya za ta yi tsami. Tukunyar ƙasa da ƙwaryar gwaggo su ke riƙe mata yis daga wannan dahuwa zuwa waccan a cikin ƙofofin jikinsu, abin da ya sa suka dace da burkutu shi ne ya hana su dacewa da giyar da kake son ajiyewa wata uku. Burkutu kuma yana cikin tashi ake shan sa, yis bai gama cin sukarin ba. Kada ka taɓa buga masa murfi a kwalbar gilashi. In za ka kai wa wani, zuba a jarkar roba ka sassauta murfin.